Aikin Otel da Hidimar Gida a Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na ma'aikatan otel da masaukan baƙi na Damagaram ne: masu tarbar baƙi a resepsiyon, masu gyaran ɗakuna, kuku da mataimakansa, masu kai abinci tebur, masu wanki da guga, masu gadi, da mai kula da injin wuta. Na iyalansu ne kuma, domin su ma aikin yana cin su ko da ba su taɓa taka ƙofar otel ba. Masu otel da shugabannin ma'aikata za su samu nasu rabon a ciki.

Me ya sa aikin otel ya fi sauran ayyuka cin lokacin iyali?

Domin otel ba ya rufe ƙofa, kuma baƙo ba ya zuwa da lokacin da ya yi wa ma'aikaci daɗi. Motar da ta taso daga Yamai da asuba tana da tafiyar kilomita kusan 900 a gabanta, sai dare take shigowa gari. Mai zuwa Agadas ko Difa kuma yana son a tashe shi tun kafin kiran salla, a haɗa masa shayi, a yi masa lissafin ɗaki. Ga tarurrukan bita na ƙungiyoyin agaji da na ma'aikatun gwamnati, waɗanda su ne babban cinikin otel-otel na garin nan: yau a ce babu kowa, jibi a ce mutum 60 za su yini uku, da kofin safe da abincin rana.

Amma a ganinmu tsawon awoyi ba shi ne babbar cutar ba. Babbar cutar ita ce rashin sanin gobe. Gidan da ya san maigida zai yi kwana biyu yana aikin dare yana iya shirya kansa: a san mai kai yara makaranta, a san mai zuwa kasuwar Dole, a san mai tsayuwa a famfo. Gidan da ba ya sanin ko maigida zai dawo da magariba ko sai gobe da hantsi, shi ne kullum abinci ke hucewa, alkawari ke tashi, har magana ta fara tsami tsakanin miji da mata.

Awa nawa doka ta ce a yi, kuma mutum nawa ake buƙata a resepsiyon?

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta sa makon aiki a kan awa 40. Abin da ya haura ƙarin aiki ne, ana biyansa da kuɗin da ya ɗara na awar yau da kullum. Dokar ta kuma wajabta hutun mako na aƙalla awa 24 a jere. A ƙa'ida Lahadi ce, amma wuraren da ba sa tsayawa kamar otel suna ba da shi ta karɓa-karɓa a wasu ranaku.

Lissafin resepsiyon ba shi da wuya. Mako yana da awa 168. In mutum biyu ne ke riƙe da tebur, ɗaya rana ɗaya dare, kowannensu yana yin awa 84 a mako, fiye da ninkin abin da doka ta ce, kuma babu ranar hutu sai in ɗaya ya haɗa awa 24 a tsaye. In uku ne, awa 56 kowanne. In huɗu ne, awa 42, wanda shi ne ya kusanci daidai. Tun da kuma kowane ma'aikaci yana da hutun shekara, sai an samu na biyar, ko wani daga wani sashe da aka koya wa aikin, kafin tsarin ya tsaya da ƙafafunsa shekara cur. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka lissafin yake ga masu gadi, waɗanda su aka fi mantawa da su.

Yaya jadawalin aiki mai kyau yake?

Jadawali, wanda ma'aikata suka fi sani da pilanin, yana da sharuɗɗa uku kafin a kira shi mai kyau. A rubuce yake, an manna shi inda kowa zai gani. Ya fito aƙalla mako biyu kafin ranar da zai fara aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in an canza shi, an gaya wa wanda abin ya shafa baki da baki, ba wai ya zo da safe ya tarar an goge sunansa da biro ba.

Ga tsarin da ke tafiya da mutum huɗu. A raba yini uku: safe daga ƙarfe 6 zuwa 2, yamma daga 2 zuwa 10, dare daga 10 zuwa 6. Kowa ya yi safe biyu, yamma biyu, dare biyu, sannan hutun kwana biyu. Zagayen kwana takwas ke nan, kowa yana gaba da na bayansa da kwana biyu. Alherinsa guda uku ne. Juyin yana tafiya gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, wanda jiki ya fi ɗauka, domin jinkirta barci ya fi sauƙi a kan tilasta shi da wuri. Babu mai yin dare fiye da biyu a jere. Sannan ranar hutu tana zagaya mako, Jumma'a tana zuwa kan kowa, Lahadi ma haka.

Abin da ke ɓata jadawali shi ne a tashi mutum ƙarfe 10 na dare a ce ya dawo 6 na safe. Awa takwas ce tsakani, a ciki zai je gida, ya ci, ya yi wanka, ya kwanta, ya tashi asuba. Barcin da zai samu bai kai awa biyar ba. A bar aƙalla awa 11 tsakanin tashi da komawa. Mun fi son a yi canji ƙarfe 10 a kan 11 ko 12 na dare saboda dalili guda: mai zaune Kara-Kara ko Garin Malam yana iya samun kabu-kabu a wannan lokacin, bayan haka kuwa sai tafiyar ƙafa cikin duhu.

Ina aikin dare, amma barcin rana ba ya yiwuwa a gidanmu. Ina dabara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, musamman a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano ya koma tanda, ga yara, ga daka, ga masu sallama.

Kada ka nemi barcin awa takwas a dunƙule, ba zai samu ba. Raba shi biyu. Da ka iso gida wajen 6 da rabi, ka ci abu mara nauyi, koko ko fura kaɗan, ka watsa ruwa, ka kwanta nan take tun ɗaki bai ɗau zafi ba. Awa huɗu zuwa biyar ɗin nan su ne uwar barcinka. Kada ka ce bari ka fara kai yara makaranta ko ka leƙa majalisa, domin da rana ta buɗe ido ya bushe ke nan. Sauran kuma ka cike shi da awa ɗaya da rabi bayan isha'i ko bayan azahar, gwargwadon lokacin shigarka. Toshe taga da bargo mai duhu. In babu wuta, jiƙaƙƙen zane a ƙofa ko a taga yana rage zafi sosai a lokacin da iska take bushe.

Shayi shi ne tarkon mai aikin dare. Ana ɗora buta ƙarfe 11, a sha na fari, na biyu, na uku, a sake ɗorawa ƙarfe 3. Abin da ke hana barci a cikin shayi da Nescafé yana daɗewa a jiki awoyi da yawa, don haka wanda ya sha ƙarfe 4 na asuba zai kwanta da shi ƙarfe 7. Ka tsayar da shi wajen ƙarfe 1 ko 2, daga nan sai ruwa. Ƙwayoyin hana gajiya irin su taramol kuwa, ba maganar dabara ba ce, hanyar halaka ce, kuma an san yadda suka cinye matasa a garin nan.

Sai maganar mutanen gida. A zauna da uwargida da manyan yara a sanya lokaci: daga ƙarfe kaza zuwa kaza Baba yana barci, ba a tashe shi sai don rashin lafiya ko rasuwa. A mayar da wannan da wani lokaci da kowa ya san nasu ne, misali daga la'asar zuwa magariba, a duba littafin yara, a ji abin da ya faru. Kuma ranar da ka ji idonka yana rufewa da kansa bayan aikin dare, ka bar babur a otel ka hau na haya.

Ina da mata biyu, aikin dare yana rikita mini rabon kwana.

Da yawa daga malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda sana'arsa ta dare ce, kamar mai gadi, yininsa shi ne ke tsayawa a matsayin darensa wajen rabo. Ka kai wa malamin unguwarku jadawalinka ya duba maka. Ta fuskar aiki kuwa, matsalar tana zuwa ne in kwanan girki ya yi daidai da zagayen otel, sai ya zama kullum aikin dare yana faɗawa kan mace ɗaya, hutu kuma kan ɗayar. Mai zagayen kwana takwas da ke raba kwana bibbiyu zai faɗa cikin wannan ramin ba tare da ya nufa ba: wadda darenka ya faɗa kanta wannan zagaye, kanta zai sake faɗawa a na gaba. Maganinsa shi ne a ɗauko jadawalin wata a gaban su biyun, a ƙirga dararen da kake gida, a raba waɗannan, da yardarsu.

Zan iya musayar aiki da abokin aikina?

Ƙwarai, in shugaba ya sani kuma an rubuta a littafin resepsiyon, da ranar da za a rama. Musayar baki ita ce ke jawo a wayi gari babu kowa a tebur, kuma wanda sunansa ke jadawali shi za a tuhuma.

Ina da ciki, ko ina goyo. Wane haƙƙi nake da shi?

Hutun haihuwa mako 14 ne a jere, takwas daga ciki bayan haihuwa. Ba a korar mace a cikin wannan hutun. In an yi miki rijista a asusun CNSS, wato asusun inshora da fanshon ma'aikata na ƙasa, asusun yana biyan rabin albashi a lokacin, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ki matsa a yi miki rijista tun kafin ciki. Bayan dawowa kina da hutun shayarwa da ya kai awa ɗaya a kowane yinin aiki har yaro ya cika wata 12.

Awa ɗayan nan in an gutsuttsura ta ba ta amfanar mai zaune nesa. Ki nemi a haɗa miki ita wuri guda, ki riƙa shiga da jinkirin awa ɗaya ko ki tashi da wuri. Ki kai takardar awo daga likita da zarar ciki ya tabbata, ki riƙe kwafi. Daga wata na shida a nemi a ɗauke miki ɗaga katifa, hawan bene da bokiti, da doguwar tsayuwa gaban murhu. Ninke zannuwa, ƙirgar kayan wanki da riƙe makullin sito duk aiki ne. Ana iya faɗa wa shugaba haka: "Ranka ya daɗe, likita ta hana ni ɗaukar nauyi. A ba ni sito da ninki zuwa haihuwa, in na dawo in koma ɗakuna." Mai zuwa da mafita a hannu ya fi samun biyan buƙata a kan mai zuwa da kuka kawai.

Mijina da danginsa suna ganin aikin otel bai dace da mace ba.

Ba za mu ce zancen ba shi da tushe a idon mutane ba, domin sunan otel ya daɗe yana tafiya da zargi a ƙasar Hausa. Amma gyaran ɗaki, girki da wanki sana'a ce ta halal, kuma mata da yawa da ita suke ciyar da marayu. Abin da ke kwantar da hankalin gida abu ne da ake gani: a san lokacin shigarki da na fitarki, ya kasance na rana, a san sashen da kike, kuma maigida ko yayanki namiji ya zo sau ɗaya ya gaisa da shugabanki. Inda otel ke da wurin sayar da barasa, kina iya sharɗanta tun ranar ɗauka cewa ba za a kai ki can ba.

Akwai ƙa'idojin da ke kare mutuncin mai gyaran ɗaki. A ƙwanƙwasa sau uku a yi sallama. Ba a gyara ɗaki baƙo yana ciki sai in ku biyu ne. Ƙofa a buɗe take muddin kina ciki, da bokiti ko amalanken kaya a bakinta. Baƙon da ya yi maganar banza ko ya kai hannu, a fita nan take a gaya wa shugaba, a rubuta lambar ɗaki da lokaci. Dokar ƙwadago ta haramta neman mace da lalata ta hanyar matsin lamba a wurin aiki, ko da daga shugaba ne. Otel ɗin da ke cewa "yi haƙuri, babban baƙo ne" ya gaya miki matsayinki a wurinsa.

Ɗaki nawa ya kamata mutum ɗaya ya gyara a yini?

Ɗakin da baƙo ke ci gaba da zama yana cin minti 15 zuwa 20. Wanda aka sallama, da canjin zannuwa da wankin ban-ɗaki da gogewa, yana cin 30 zuwa 45. A yinin awa takwas, ɗaki 12 zuwa 14 gauraye shi ne abin da mutum zai yi da kyau. Lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ta kowace kafa, a rage.

Wannan lissafin na ranar da famfo ke zuba ne. Damagaram gari ne da ke kan dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda bazara take. Ranar da babu ruwa, jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, kuma ɗaki goma jarka goma ne ko fiye. Matar da ta yini tana wannan ita ce kuma za ta koma gida ta tarar da layin famfo ko jiran 'yan ga-ruwa. A irin wannan rana a rage ɗakuna, a sa namiji mai ƙarfi ko amalanke kan jigilar ruwa. Otel mai tankin ajiya da famfon turawa ya sayi lafiyar bayan ma'aikatansa.

Gargaɗi guda: kada a taɓa haɗa ruwan jabel, wato bilic, da maganin wankin masai mai asid. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, kuma ban-ɗakin otel ba shi da wadatar iska.

Azumi da salla fa?

A watan azumi, aikin kicin mai nauyi, yankan nama, suya da tafasa, a tura shi sassafe ko bayan shan ruwa iya yadda zai yiwu. Canjin masu aiki kada ya faɗa daidai magariba, domin mai tashi zai sha ruwa a hanya, mai shiga kuma zai bar gida ana jera kwano. A matsar da shi zuwa bayan la'asar ko bayan isha'i. Kuku mai azumi da ya fara jin jiri, ciwon kai mai tsanani ko ya daina gumi a cikin zafi, a fitar da shi inuwa a jiƙa masa jiki, a kai shi likita in bai farfaɗo ba. Wannan ba ragwanci ba ne.

Ranar salla dole wani ya tsaya. Adalci shi ne a rubuta: wanda ya tsaya ƙaramar salla ya huta babba, baɗi a juya. A raba yinin gajeru yadda kowa zai samu ko idi da hawan Sarki a Birni, ko yamma da iyali. Inda akwai abokan aiki Kirista, musaya da Kirsimeti da Ista tana warware rabin matsalar. Ranakun hutun ƙasa kamar 1 ga Mayu, 3 ga Agusta da 18 ga Disamba su ma a sa su cikin wannan juyin. Wanda ya ga cikar garin nan lokacin bikin ƙasa na 18 ga Disamba da aka kira Zinder Sabuwa a 2018 ya san cewa ranar hutun jama'a ita ce ranar wahalar ma'aikacin otel.

Ina da gona a ƙauye. Yaya zan haɗa ta da aiki?

Hutun shekara kwana biyu da rabi ne a kan kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara. Shuka ba ta da rana, ruwa take bi, don haka ba a ɗaukar mata hutu. A tanadi iri da mutanen da za su shuka tun Mayu, a kuma shirya musayar kwana biyu da abokin aiki. Hutun a ajiye shi ga noman fari ko girbi, a nemi shugaba ya yarda a raba shi biyu. A nema tun watanni uku kafin lokaci, domin rabin ma'aikata suna da gona a Mirya, Matamai, Magariya ko Tanut, kuma duk wata ɗaya suke so.

Suna, aure ko rasuwa: daga hutun shekara ake cirewa?

Yarjejeniyar da ta haɗa ma'aikata da masu ɗaukar aiki ta tanadi izini na musamman domin al'amuran iyali na kusa, kamar auren ma'aikaci, haihuwa a gidansa, ko rasuwar mata, ɗa ko mahaifi, kuma wannan daban yake da hutun shekara. A kawo takardar shaida bayan dawowa. Bikin abokin wa da sunan maƙwabta ba sa ciki. Waɗannan sai da musaya, kuma gaskiya ba kowanne za ka samu ba. Ka je gaisuwa ranar hutunka, ka aika gudummawa, mutane suna gane uzurin mai aiki in ya saba zuwa daga baya.

Albashin ba ya kai ƙarshen wata. Me ya kamata in duba?

Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 tun Janairun 2024, daga 30,047 da yake tun 2012. Mai cikakken aiki bai kamata a biya shi ƙasa da jika 42 ba, ko da ana ba shi abinci. Mai albashin wata a biya shi cikin kwana takwas bayan ƙarewar watan, da takardar albashi mai nuna asalin kuɗi, ƙarin awoyi da abin da aka cire.

Ana cire kashi 5.25 cikin 100 domin CNSS, wato sefa 2,205 a kan 42,000, ko 3,150 a kan 60,000, mai otel kuma ya ƙara nasa kason da ya fi wannan yawa. Daga nan kuɗin iyali, kulawar haɗarin aiki da fansho suke fitowa. Abin da ke faruwa wani lokaci shi ne a cire a takarda amma ba a zuba ba. Ka san lambarka, ka je ofishin asusun na nan gari sau ɗaya a shekara a duba maka.

Sai kuɗin hanya, wanda shi ne ɓarawon da ba a gani. A ce kabu-kabu dala 60 ne zuwa, dala 60 dawowa, sefa 600 ke nan a yini, tun da dala ɗaya sefa 5 ce. A kwana 26 ya zama 15,600, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi. Shi ya sa tsarin da ake cewa ka zo da safe, ka tafi da azahar, ka dawo da dare yake cuta biyu: yana ninka kuɗin hanya, yana kuma cinye yinin gaba ɗaya. Keke, ko haɗa kuɗin mai da abokin aiki mai babur, yana ceto jikkuna da yawa.

Abans, tukuicin baƙi, da cirar kuɗin abin da aka fasa?

Abans, wato karɓar wani ɓangare na albashi kafin ƙarshen wata, yana da daɗin karɓa, amma wanda ya ci rabin albashinsa ranar 15 zai sake nema wata mai zuwa, daga nan ba ya iya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa. A tsayar da shi kan rashin lafiya da makamancinta, a rubuta, a sa hannu. Adashin ma'aikata ya fi shi albarka wajen ragon layya da kayan makaranta.

Tukuici kuwa, mai ɗaukar jaka da mai kai abinci su ke ganin hannun baƙo, mai wanki da mai wanke-wanke ba sa gani, alhali farin zanen da baƙo ya yaba daga hannunsu ya fito. Akwati guda da ake buɗewa gaban mutum biyu a ƙarshen mako yana kashe gaba mai yawa. Tara kuma doka ta hana mai aiki ya ɗora wa ma'aikaci. Kofin da ya suɓuce cikin aiki asarar sana'a ce.

Ana kirana a waya ranar hutuna. Dole in ɗauka?

In za a buƙaci wani, a sa mai jiran kira a jadawali, a san shi, a biya shi in ya fito. Sauran a bar su. Zauren WhatsApp na ma'aikata wurin sanarwa ne, bai zama jadawali ba.

Ban da kuɗi, me ke sa ma'aikacin otel ya ji daɗin aikinsa?

Na farko shi ne kada a ci masa mutunci gaban baƙo. Dattijon da ya haifi shugaba, a daka masa tsawa a tsakiyar ɗakin cin abinci saboda cokali, wannan ba ya mantuwa, kuma gida yake kai shi. Gyara a ofis ake yi, yabo kuma a bainar jama'a. Sai kayan aiki: safar hannu, takalmin da ba ya santsi, riga biyu don a wanke ɗaya, fanka a kicin da wurin guga. Sai abinci mai kyau a zaune, ba ragowar faranti a tsaye ba, da wurin salla da minti goma na yin ta a kan lokaci.

Sai kuma ganin gaba. Yaron da ya shekara biyar yana wanke tukunya ba a taɓa ba shi wuƙa ba, zuciyarsa ta riga ta fita. A riƙa juya ma'aikata tsakanin sassa, mai gyaran ɗaki ta koyi rijistar baƙi, mai gadi ya koyi tayar da injin wuta da duba mansa. Faransanci mai kyau, ɗan Turanci saboda baƙin Najeriya da na ƙungiyoyi, da iya kwamfuta su ne ke ɗaga mutum daga ɗakuna zuwa resepsiyon. Asusun FAFPA yana tallafa wa horon sana'a, mai otel yana iya neman bayani a can. Wannan juyin yana da riba ta biyu: shi ke samar da mutum na biyar ɗin da zai riƙe tebur ranar da matar wani take naƙuda.

Ni mai ƙaramin masauki ne, ba ni da ƙarfin ƙara ma'aikata.

Jadawalin mako biyu ba ya cin ko dala. Haka littafin musaya, haka juyin salla. Ranar taron bita a ɗauki 'yan aikin yini, a sa kuɗinsu cikin farashin da za a ba masu taro tun farko. A lokacin da baƙi suka yi ƙaranci a rama wa mutane awoyin da suka bi bashi. Ka kuma lissafa abin da tafiyar ƙwararren ma'aikaci ke ci: watannin koya wa sabo, zannuwan da zai ƙona da guga, da baƙon da ya saba da fuskar wancan ya koma wani wuri.

In magana ta ƙi gyaruwa, ina zan kai kuka, kuma yaya ake barin aiki?

Fara da shugabanka kai tsaye, a keɓe, ba lokacin cunkoso ba. In bai yiwu ba, wurin da ma'aikata suka haura goma yana da haƙƙin zaɓen wakilan ma'aikata, su ne ke kai koke gaban mai otel. Daga nan sai ofishin sufeton ƙwadago na jihar Damagaram, inda ake kiran ɓangarorin biyu a nemi sulhu, kuma ba a biyan kuɗi. In sulhu ya gagara, sai kotun ƙwadago. Rashin kwantiragi a rubuce ba ya hana a saurare ka, amma hujja ita ce ke magana: ƙaramin littafi da kake rubuta lokacin shiga da fita kowace rana, hoton jadawali a waya, takardun albashi, da saƙon kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana in ta nan ake biyanka.

In kuma ka yanke barin aiki, kada ka ɓace kawai. Rubuta takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu, ka cika wa'adin sanarwa da ya dace da matsayinka. Ranar tafiya ka miƙa makullai da riguna gaban shaida, a biya ka sauran albashi da kuɗin kwanakin hutun da ba ka ci ba, a kuma ba ka takardar shaidar aiki mai nuna ranar shiga, ranar fita da aikin da ka riƙe. Lambarka ta CNSS ba ta canzawa, ita za ka kai wa sabon wurin a ci gaba da zubi a kanta.